Baba Tsoho da Motar da Ta Ƙi Tashi

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Kakana, mahaifin babanmu, wanda duk gidan muke kira Baba Tsoho, ya rasu a ƙarshen daminar bana, daidai lokacin da aka fara yankan gero.

Kwanakin zaman makoki aikina shi ne kai ruwan sha zaure. Ni ba mai magana ba ce, ba a cika lura da ni ba, shi ya sa na ji kusan duk abin da aka faɗa a kansa.

Direbobin tashar Kunci sun zo a kan babura, bibbiyu, ƙafafun wandunansu duk laka, domin mota ba ta son hanyar garinmu da damina. Bayan an shafa addu'a, wani tsoho daga cikinsu mai giɓi ya ce, "Wallahi mutumin nan ya taɓa ƙwace dutse a hannuna ya jefar. Ina ƙwanƙwasa kan batir ya ce, 'Kai, me ta yi maka? In matarka ta ƙi magana dutse kake ɗauka?'" Aka yi dariya. Shi ma ya yi, sai kuma ya sa hularsa ya rufe fuska.

Wani Alhaji ɗan asalin Barno, mai sayar da busasshen kifi, ya ce motarsa ta taɓa mutuwa a hanya ana ruwa, mahaifiyarsa na kwance a baya ba lafiya. Baba Tsoho ya bar tuwonsa ya hau keke ya je. Da motar ta tashi bai koma ba, sai da ya bi su a baya har suka hau kwalta.

A cikin gida kuwa mata abu ɗaya suke maimaita wa kakata, Inna. "Ya huta." "Bawan Allah mai haƙuri, duk jinyar nan bai taɓa ƙorafi ba." Inna tana gyaɗa kai tana jan carbi.

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro. Baba Tsoho mutumin kirki ne, amma a jinyarsa bai yi irin haƙurin da suke faɗa ba. Abu ɗaya yake so, dare da rana: a fita da shi daga ɗakin nan, ko sau ɗaya, a kai shi rumfarsa ta tasha ya zauna. Ba na so a manta da hakan.

Shi rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota. Ina ƙarama nakan leƙa ta zaure in an turo mota ƙofar gida ranar da bai je tasha ba. Ba ya saurin buɗe bonet. Sai ya tsaya gefe, ya rufe ido, ya sa hannu a bayan kunne ya ce wa direba, "Murɗa." Daga nan sai tambayarsa ta kullum: "Wa ya taɓa ta ƙarshe?" Direba ya rantse babu kowa. Baba Tsoho ya ce, "To, aljani ne ke nan, kuma yana da filaya." Yana da ƙananan tabo a yatsunsa inda ruwan batir ya ci, kuma duk rigunansa na aiki ƙananan huji ne a gaba, kamar gara ta bi. Inna ta ce ta daina yi masa faci tun kafin a haifi babanmu.

Babanmu shi ne ɗansa na fari. A rumfar ya yi ƙuruciyarsa yana koyon aikin, kafin ya koma noma. A gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Ban taɓa jin Baba Tsoho ya kira sunan babanmu ba. "Mutumin nan" yake ce masa. Shi kuma babanmu kullum da safe yakan durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe shi, kansa a ƙasa, ba ya shiga. Duk abin da aka ce masa, amsarsa "To, Baba."

Ciwon ya zo ne sau biyu. Na farko hannunsa kawai ya yi nauyi, likita ya ce ya zauna a gida. Bai zauna ba. Ya faki ido ya tuƙa tsohuwar motarsa da hannu ɗaya ya tafi tasha, ya yini a rana yana duba motar wani, ya faɗi a can. Babanmu ne ya je ya ɗauko shi. Tun daga nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutane kan zo dubiya ya yi magana su ce "Amin, amin," alhali ruwa ya nema. Ni da nake zama wurinsa in na dawo makaranta, a hankali kunnena ya saba. Yakan ce, "Malama Shiru ce kawai ke jin Hausa a gidan nan."

Ɗakinsa ƙarami ne, da taga guda da ba ta fi faifai biyu ba. Ta nan yake hango rumfar kara inda aka ajiye motar, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Bayan rumfar katanga ce, bayan katanga gero. A wajenmu gonaki har jikin gidaje suke zuwa. In damina ta yi nisa hatsi kan fi mutum tsawo, ya rufe ko'ina, hanya ta koma siririya, iska ma da ƙyar take shigowa. Daga gadonsa babu abin da yake gani sai bayan mota da koren kara.

Ba zai iya zama a kan babur ba. Baffa, ƙanin babanmu, ya taɓa cewa a ɗora shi a amalanke. Baba Tsoho ya ce, "Ni taki ne?" Saura mota.

Wata safiya da babanmu ya zo gaisuwa, Baba Tsoho ya yi magana ni kuma na fassara. "Ya ce a kai shi tasha ranar kasuwa. Ya ce ba aiki zai yi ba, zama kawai zai yi ya ji motoci."

Babanmu bai ɗago ba. Ya ce, "To, Baba. In motar ta tashi. Tun da aka dawo da ita ta ƙi."

Da ya tafi, Baba Tsoho ya tura hannunsa mai lafiya ƙarƙashin matashi ya zaro makulli. A nan yake ajiye shi, ba wanda ya taɓa nema. Idonsa ya yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Malama Shiru, kin iya murɗa makulli?"

Haka muka fara. Da farko ya sa Baffa ya cire batir ya kai caji gari. Baffa ya ce, "Baba, motar nan fa ta gama yayinta." Amma ya ɗaure batirin a bayan babur ya tafi, ya dawo ya mayar.

Sauran aikin da la'asar muke yi, in maza suna gona. Kafin in taɓa komai sai ya sa na cire awarwarona da zobe, na ɗaure hijabina a ƙugu. Ya sa na tabbatar giya tana firi, birkin hannu a ja. Ni ina rumfa, shi yana gado, tagar na tsakaninmu. In ban ji ba in zagayo da gudu.

"Danna hon."

Na danna. Kaji suka watse, Inna ta yi salati daga madafa.

"Yana da ƙarfi ko kamar ɗan akuya mai mura?"

"Yana da ƙarfi."

"Madalla. Yanzu murɗa makulli har ƙarshe, ki saurara. Kada ki gaya min abin da kike zato, abin da kika ji kawai."

Na murɗa. Ƙananan fitilun gaban sitiyari suka kama. Ban da su babu komai.

Ya koya min cewa motar da ta ƙi juyawa iri uku take amsawa. In ta yi ƙas-ƙas-ƙas da sauri, batir ne ya gaji, ko kansa bai kama da kyau ba. In ta yi ƙas sau ɗaya ta tsaya, saƙo ya isa wurin kik, wato ɗan injin da ke fara juya babban inji, amma shi kik ɗin ne ya gaza. In kuwa shiru ta yi, to saƙon bai isa ba sam. "Tamu irinki ce," in ji shi. "Sai an bi ta a hankali."

Duk da haka bai tsallake komai ba. Ya sa na duba kawunan batir. Na ce akwai wani gari fari-fari mai kore-kore a jiki. Ya ce in jiƙa kanwa a ruwan zafi in zuba. Garin ya yi kumfa yana tsuwa.

Inna ta fito riƙe da ludayi. "Kanwar miyar tawa kuke ba mota? Malam, ka bar yarinyar nan ta yi karatunta. Dubi hannunta."

"Ke da kika aure ni da irin hannun nan?"

"Ai ban san haka zai zauna ba."

Ya yi dariya da rabin bakinsa har ya ƙware. Inna ta ba shi ruwa, ta goge masa haɓa. Da ta juyo na ga ita ba dariya take ba, amma ban fahimci dalili ba a lokacin.

Wata rana ya sa na kunna manyan fitilu, ya ce in dubi haskensu a jikin katanga sannan in murɗa makulli. "In hasken ya dushe, wuta na tafiya kik yana shanye ta. In bai motsa ba, babu mai jan ta." Hasken bai ko girgiza ba. Wata ranar kuma wayar da ta haɗa batir da jikin mota muka duba, na jijjiga ta, tana nan daram. Sannan fiyus. Na ciro su ɗaya bayan ɗaya ina kawo masa a marfin kwano, yana ɗaga kowanne saitin taga yana kanne ido. Duk lafiyarsu ƙalau.

A kwanakin nan ya ci abinci fiye da kowane lokaci. Ya sa an wanke masa babbar rigarsa mai ruwan toka an rataye a ƙusa. Yakan lissafa min waɗanda zai tarar a tasha, da wanda zai tsokana da wanda ba zai kula ba. Da safe kuwa in babanmu ya zo gaisuwa ba ya ce masa komai a kan motar. So yake kawai a ji ta tashi.

Yanzu da nake tunawa, motarsa ce kaɗai bai yi wa tambayarsa ta kullum ba. Bai taɓa cewa wa ya taɓa ta ƙarshe ba.

Ranar ƙarshe hadari ya haɗu amma ruwa ya ƙi sauka, zafi kamar an rufe tukunya. Ya sa na ɗauko fitilar gwajinsa a cikin tsohuwar jakarsa, ƙwan fitila ne kawai da wayoyi biyu. Ya ce, "Saura wuri ɗaya. A jikin kik akwai babbar waya mai kauri, akwai 'yar siririya. Ita 'yar siririyar ce ke kawo saƙo daga makulli. Ki sa fitila a kanta, Inna ta murɗa miki. In ta kama, kik ne. In ba ta kama ba, makulli ne. Ko wanne ne, kafin ranar kasuwa mun gama."

Inna ta ce ita tuwo take tuƙawa.

Na hau kan turmi na leƙa bayan inji. Wurin da duhu, sai da na haska da tocila. Na ga kik ɗin, na ga babbar wayar. Kusa da ita akwai wani ɗan harshen ƙarfe, tsirara, babu komai a jikinsa. Na tura hannu ina laluba. Can sama, a bayan dunƙulen wasu wayoyi, na taɓa ta. An lanƙwasa ta baya an ɗaure.

Na zagayo ɗakin. "Baba Tsoho, 'yar siririyar ba ta jikin kik."

"Ta zame?"

"A'a."

"Ɓera ne? Bakinta a tattaune yake?"

"An naɗe bakinta da baƙin salatif. An ɗaure ta a sama."

Na ji Inna ta daina tuƙa tuwo.

"Koma ki duba min ƙarshen salatif ɗin. Manne yake, ko an ninke shi an bar ɗan kunne?"

Ban buƙaci komawa ba, yatsana ya riga ya taɓa. "An bar kunne."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Ni nake barin kunne, don mai warwarewa kada ya sa haƙori. Mutum ɗaya na koya wa ya riƙe."

Na tsaya da fitilar gwaji a hannu ban san inda zan ajiye ta ba. Inna ta shigo ta zauna a bakin gado. Ya tambaye ta, "Kin sani?" Ta ce, "Na sani." "Wancan ƙaramin ma, da ya kai batir caji?" Ta ce, "Shi ma. Malam, me za su ce maka?"

Washegari babanmu ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Bayan gaisuwa Baba Tsoho ya dubi Inna, ba shi ba. A ranar ba a nemi in fassara ba, kowace kalma ya fitar da ita a hankali har ta fito.

"Ki gaya wa mutumin nan aikinsa ya yi kyau. Ko ruwa ba zai shiga ba."

Babanmu bai motsa ba.

"Ki gaya masa da ya buɗe baki ya ce min a'a, da ya fi min sauƙi. Na sa yarinya tana hawa turmi, na sa an wanke min riga."

"Baba, ka san ba zan iya ce maka a'a ba."

"Amma ka iya ɗaure ni."

Ban taɓa jin ya yi wa babanmu magana kai tsaye haka ba. Babanmu ya ɗago, idonsa jawur. Ya ce, "Da hannuna na ɗauke ka a ƙasa a tasha, Baba. Har muka isa asibiti ban san ko kana numfashi ba. In motar na tashi za ka sa ƙanina ya kai ka, in ka je kuma ba za ka zauna ba, na san ka. Yanzu ga hanya ta lalace, in ta kafe da kai a laka fa?" Ya ƙara da cewa, "Ka bari a yi girbi hanya ta bushe. Ni da kaina zan kai ka, in zauna kusa da kai."

Baba Tsoho ya zaro makullin ya miƙo min. "Ba shi. Ba ni da amfani da shi."

Babanmu bai yi min faɗa ba, a ranar ko bayanta. Da na miƙa masa makullin ya dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcena ya ce, "Ki sa toka, sabulu kaɗai ba ya fitar da shi."

Daga nan Baba Tsoho bai ƙara maganar mota ba. Bai kuma yi fushi da kowa ba, yana amsa gaisuwa, yana sa wa babanmu albarka in zai tafi gona. Amma abincinsa ya ragu. Tambayarsa ta koma ɗaya, duk ranar da na dawo makaranta kafin in ajiye jaka: "Malama Shiru, yaya gero?" In ce ya fitar da kai. In ce ya yi bununi. In ce tsuntsaye sun fara sauka. Shi kuma ya ce, "To, ya kusa." Rigar tana nan a ƙusa, bai ce a sauke ba.

Ranar da aka fara yanka gonar bayan gidanmu, haske ya shigo tagarsa irin wanda bai shigo ba tun farkon damina. Ya ce in ɗaga masa kai. Ya hango har itacen kukar da ke bakin hanya. Ya ce, "Ashe tana nan." Bai kai ranar kasuwa ba.

Bayan masu gaisuwa sun watse, gida ya yi tsit. Inna ta shiga takaba, yanzu ita ce a ɗaki ba ta fita. Wani hantsi ina shara na ga babanmu ya nufi rumfar kara shi kaɗai. Ya kori kaji, ya buɗe bonet. Bai nemi tocila ba, ya san inda wayar take. Ya tura hannu, ya kama kunnen ya warware, ya mayar da wayar wurinta. Aikin bai kai a sha kofin ruwa ba.

Ya shiga ya murɗa makulli. Kik ya juya. Injin ya yi ta tari yana ƙi, ya sake murɗawa, ya sake, can motar ta kama. Hayaƙi ya cika rumfar. Babanmu ya zauna ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa, hannayensa biyu a kan sitiyari, yana kallon katanga.

Inna ta kira ni daga bayan labule. "Wa zai fita?"

Na ce, "Babu kowa, Inna."

Ta ce, "To, ce masa kada ya kashe tukuna."

Ban je na gaya masa ba. Bai yi niyyar kashewa ba.

Masu gaisuwa sun yi wa Baba Tsoho addu'o'i masu yawa, na ce amin ga dukkansu. Tawa guda ɗaya ce, ita nake yi bayan kowace salla. Ya Allah Ka gafarta masa, Ka yafe wa babanmu, Ka yalwata wa Baba Tsoho makwancinsa har iya ganin idonsa, domin ɗakin nan ya yi masa kaɗan.